Wa Ya Biyo Ka?

A nan gida ba na tambayar kowa.
Da an sallame asuba sai in ɗaure igiyar takalmi,
in hau gaɓar kanal ɗin da ya ratsa gonakin shinkafa
daga bayan garinmu har kwanar Auyo.
Kwaɗi su yi tsit in na zo, su ci gaba in na wuce.
Balbela ko kai ba ta ɗagawa.
Ta san ni.

Sai ga shi Sabitu ya faɗi da babur,
ƙafar dama, wuri biyu.
Kwana goma sha ɗaya muka yi a Kano, asibitin ƙashi.

Kwana uku na daure kan tabarmar 'yan jinya.
A na huɗu gwiwoyina suka fara ƙaiƙayi,
na tambayi mai gadi, ina ake gudu a garin nan?
Ya haska ni da tocila daga sama har ƙasa,
ya ce, "Wa ya biyo ka?"

Wani ya ce akwai fili a bayan makaranta.
Na je na tarar da shaguna hawa biyu,
ana cinikin tayil inda ragar ƙwallo take a da.
Wani ya ce bi layin masu kuɗi, ba hayaniya.
Bai yi ƙarya ba, ga inuwar darbejiya,
ga kuma kare da ba a koya wa bambanci
tsakanin mai motsa jiki da ɓarawo ba.
Ranar na yi gudun da ban yi niyya ba.

Bakin kwalta kuwa,
a-daidaita-sahu na gogar kafaɗa,
kwata a buɗe tana jiran ƙafar baƙo,
hayaƙi ya manne mini a maƙogwaro kamar ƙanzo a tukunya.

Ilu mai shayi ne ya fisshe ni, mutumin Gumel.
Ya ce, "Birni ma yana barci, sai dai bai daɗewa.
Ka riga motar burodi fita."
Ya tsoma cokali a ruwa ya zana mini hanya kan tebur:
nan masallaci, nan famfo,
nan katangar maƙabarta, bi ta har ta ƙare,
can ba mai danna maka hon.

Na bi.
Ashe ba ni kaɗai ba ne.
Ga wani tsohon soja yana ƙirga taku da baki,
ga mata biyu da hijabi da kambas suna zabga sauri,
ga yaro yana naushin iska.
Ba wanda ya tambayi sunan wani.
Ɗaga hannu kawai, shi ne gaisuwar.

In na koma ɗaki, Sabitu zai ce, "Ina ka kai yau?"
Shi da ban taɓa cin sa tsere ba
tun muna yara muna korar jan-baki a gonar Baffa.
In faɗa masa kwana-kwana, ya lumshe ido,
yatsun ƙafar hagu na motsi ƙarƙashin zani.
Wata rana na ƙara nisan da ban yi ba.
Bai buɗe ido ba ya ce,
"Numfashinka bai kai can ba."

Yanzu mun dawo.
Shinkafa ta fara kai, ruwan kanal ya ja baya da taki guda.
Yana zaune kan kwalbati, sanduna biyu a gefensa,
waya a hannu tana ƙirga mini mintuna.
Na je kwanar na juyo, gumi har cikin takalmi.
Ya duba wayar ya girgiza kai:
"Birni ya ɓata ka. Minti biyu ka ƙara."

Na ce to, taso ka nuna mini.

Ya shafa wurin ɗaurin, ya dubi gaɓar har inda ta ɓace,
ya ce, "Bari a yi girbi tukuna."