Daga Wuya Zuwa Ƙasa

A ajinmu Gora suke ce mini,
don tsawo ya riga nama isowa jikina.
Shekara sha shida ina sunkuyawa a ƙofar kowa.
Wata Asabar a Kasuwar Barci
na je karɓo wa Inna ɗinki,
Ɗayyabu tela ya ɗago daga kan keke,
allura a leɓe, ya ce, "Juya."
Na juya.
Ya ce, "Kafaɗun nan sun gaji da zaman banza."

Littafin samfuri zai buga,
kaftani sha biyu da babbar riga ɗaya,
don mai kuɗi ya ɗora yatsa ya ce, irin wannan.

Inna ba ta ce to ba.
Ta sa tabaraunta mai ƙafa ɗaya,
ta bi takardar layi-layi kamar mai tsintar shinkafa:
ina hoton zai je, har yaushe, wa zai biya mota?
Ta ce ban da ranar makaranta.
Ta ce kuɗi a hannu, ba a baki ba.
Sannan ta jawo mayafi, wai tare za mu.

Barnawa, hawa na biyu, saman shagon taya.
Istifanus mai hoto ya saki farin ƙyalle tun daga bango har ƙasa,
fitilu biyu cikin laima, sai ka ce ruwa ake jira a ɗaki.
Shaddar ta yi mini yawa,
aka tattare bayanta da maƙalan shanya guda bakwai.
Ta gaba ɗan attajiri,
ta baya igiyar wanki.

"Kar ka yi dariya. Kar ka ɗaure fuska.
Saki hannun. A'a, ba suma na ce ka yi ba."
Ashe tsayuwa ma koyonta ake yi.
A riga ta biyar aka ɗauke wuta.
Ba zama, kada guga ta karye,
ba ruwa, kada ɗigo ya sauka kan aikin wuya,
zufa na bin gadon bayana tana gaida maƙalai ɗaya-ɗaya.
Inna na kan benci da jakarta a cinya,
idonta bai bar ni ba har janareto ya haƙura ya tashi.

Dubu shida.
Ta zare na rajistar jarrabawa,
saura ya ishe ni tsire da kati.

Da dare kakana Ɗanjuma,
wanda ya ba masaƙar Kakuri shekara ashirin da biyu
kafin a rataya wa ƙofarta kwaɗo,
ya ce, "Yadin na ina ne?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce, "Ka sa baƙo a jikinka, ba ka tambayi garinsu ba?"

Wata biyu ina cika aji da labari.
Ran da littafin ya fito na buɗe shi a tsaye, a bakin shago.
Shafi na uku, ga ni. Na huɗu, ga ni.
Amma daga wuya zuwa ƙasa.
An yanke kan kamar na kifin gwangwani.
Ɗayyabu ya ce, "Riga nake sayarwa, yaro, ba kunnuwanka ba."
A makaranta Lawwali ya dafa ƙirji ya ce ai shi ne,
aka yi dariya har da buga tebur.

Kaka bai yi ba.
Ya kai shafin dab da hancinsa,
ya daɗe,
sannan ya sa farce kan babban yatsan hagu,
inda murfin tumatir ya yanke ni ina aji biyu.
Ya ce, "Ga ka nan."
Ya ce, "Mu ma ba a taɓa buga fuskarmu a jikin atamfa ba."

Jiya a Kawo, wajen tasha,
wani mai tumbi ya wuce cikin kaftanin shafi na huɗu,
ruwan ƙasa, aiki har ciki.
Bai san ni ba.
Na bi shi da ido, ina duba masa kafaɗa.
Asabar mai zuwa akwai kayan sallah,
kuma wannan karon zan tambayi garin yadin.