Ramin Kuza

Ramin kuza na bayan Rayfield
shi ya haɗiye ƙanena Dalyop
ranar wata Juma'a.
Shekara biyu ban bi ta wurin ba.

Bana na aro injin ban-ruwa wurin Kaneng.
Ruwan nan dai nake ja
zuwa kunyoyin kabeji.

Fasto ya ce mata sun yi sammako da kayan ƙanshi,
suka tarar an mirgine dutsen.
Ni ban ga mala'ika ba.
Tsiro na gani, kore shar,
a bakin ramin da na tsine wa.

Asabar ɗin nan ta yi tsawo, Ubangiji.
Amma Litinin da asuba
zan kai buhu uku Farin Gada,
in dawo in binne wani iri.