Ladan Wata Goma Sha Tara

Ranar da kotu ta miƙa mini makullan injin,
Gizo-gizo ya riga ni kama ofis.
Bashin banki ya kai wuya,
Ma'aikata talatin da biyu
Sun yi wata huɗu ba su ga albashi ba.

Alhaji Modi ya kwanta dama da damina,
Ya bar injin casar shinkafa a hanyar Kalambaina,
Ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya, kowa da lissafinsa,
Ba mai zancen gyara, sai na a raba.

Babbansu Hali ya iske ni gida a Mabera,
Bayan isha, kan tabarma, shayi na huci.
Ya ce, "Arzika, tada shi,
Kashi biyar cikin ɗari naka na."
Na ce a rubuta. Ya riƙe baki: "Haba!
Tsakanina da kai?" Sai na ji kunya,
Kunyar da har yau ban gama biyan kuɗinta ba.

Na bi manoman Wurno da Goronyo
Ina roƙon shanshera bashi da sunan ubana.
Na kwana gindin janareto da Ɗan'ige makanike,
Zufa na ɗiga cikin baƙin mai.
Ko ɓuntu na samo masa masu saye.
Wata goma sha tara cif,
Sannan littafi ya buɗe baki ya ce riba.

Daga nan wayar Hali ta kamu da ciwo.
In ta shiga, yana Kano.
In mun haɗu, "Sai an zauna."
Da aka zauna, wani ƙanensa ya karanto:
Man mota kaza, buhu biyu na goron Sallah,
Wai me ya rage da ban ci ba?

Babbar Kotu, benci na uku, fanka na kuka.
Takardar naɗina ta ce a biya ni
"Gwargwadon abin da ya dace."
Na auna tan dubu a rayuwata,
Ban taɓa ganin sikelin da ke auna dace ba.

Lauyansu ya gyara baƙar riga:
"Ina shaidarka ta kashi biyar?"
Na ce Kulu, matata, ita ta kawo shayin.
Ya ce, "Daga bayan labule ta ji?
Ya mai shari'a, labule ba ya sa hannu."
Aka yi dariya. Kulu ba ta ɗago ba.

An ɗage zuwa Laraba.
Larabar ta zo, alƙali yana taro.
Ta gaba, yajin aiki.
Ta gaba, fayil ya yi ƙafa.
Filina na Arkilla ya shige jakar lauyana,
Babur ya bi shi, yana gaba.

Ran Juma'a sahu ɗaya ya haɗa mu da Hali,
Kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa.
Ya yi sallama dama, ni ne a damansa.
Na amsa a zuci, ban juya ba.

Shekara uku, hukunci ya sauka:
Kashi ɗaya cikin ukun abin da na nema.
Kafin tawadar ta bushe sun ɗaukaka ƙara,
Ko sisin bai taɓa tafina ba.

Jiya na sayi mudu biyu a Tsohuwar Kasuwa.
Buhun na jingine, tambarin zangarniya kore,
Ni na zana shi da biro a bayan rasit.
Mai awo ya ce, "Wagga ba ta da tsakuwa."
Na ce na sani. Na biya cikakke.

Kulu ta baza ta a faranti, ta bi da yatsa,
Tsinta take, ba abin tsinta.
Ta ce, "Aikinka ne," ta tashi hura wuta.
Na ci, na ƙoshi, na wanke hannu,
Na jawo kalanda, na zagaye wata Laraba.