Matakala Saba'in da Uku

A Valparaiso unguwarmu rataye take a jikin tudu,
teku a ƙasa, matakala saba'in da uku.
Tsohuwa Ermelinda ce ta fara.
Da ragowar fentin kwalekwalen mijinta
ta shafa wa matakala guda shuɗi,
ba ta roƙi kowa ba.
Washegari Aniceto mai burodi ya kawo ruwan ɗorawa,
ni na kawo ja.
Kafin Lahadi har mashaya
sun daina fasa kwalba a wurin.

Ran da aka ce Froilan ya saci injin jirgi
ban san bakin da ya fara faɗa ba.
Na dai ji tagarsa ta tarwatse,
na ga Aniceto ya sunkuya,
sai na tarar da dutse a hannuna,
hannun nan dai, da jan fenti a ƙarƙashin farce.

Kwana uku, aka ga injin a wurin gyara.
Froilan bai fasa tafiya ba.
Ya sauka yana taka shuɗi, yana taka ja,
Ermelinda kaɗai ta kama masa akwati.
Mu kuwa muna bakin ƙofa, kowa na satar kallon kowa,
muna jiran wanda zai fara bin ta.