Tsakuwa Goma Sha Ɗaya

Shekara talatin da biyu muna kiran sa Kyaftin.
Bonaria ce ta tsince shi a gindin zaitun,
can ƙauyenmu, cikin duwatsun Sardiniya,
bai kai tafin hannun jariri ba,
ta sako shi a aljihun riga, ta kawo gida.

Da ta rasu, yara suka sayar da gonar,
suka ɗora ni hawa na uku a birnin Cagliari,
ni da kujerata da kunkuruna.
Barandar duk tayil ce, santsi kamar faranti.
Rana kan leƙo da hantsi,
ta gaishe mu a tsaye, ta wuce.

Abin da na ci shi nake ba shi:
ragowar taliya, latas na kanti, ɓarin tumatir,
ranar Lahadi har da ayaba.
Ni a ganina gata ne.

Sai ran nan na ji ƙaras, ƙaras.
Na leƙa, ga shi ya kafa kai a tukunyar lemun tsami,
yana tsintar tsakuwa ɗaya bayan ɗaya,
yana miƙa wuya, yana haɗiyewa da ƙyar,
baki duk ƙasa, ko kunya babu.
Na ce, Kyaftin, me na rage ka da shi?
Ya dube ni da idon nan nasa na tsofaffin alƙalai,
ya koma kan aikinsa.

Likitar dabbobi, Gavina Pirastu,
yarinya ce, jikata ma ta girme ta.
Ta ɗaga hoton cikinsa ga hasken fitila.
Fararen ɗigo na nan jere, muka ƙirga tare:
goma sha ɗaya.
Sama da su kuma wasu inuwoyi huɗu, masu faɗi.
Na ce, waɗannan manyan fa, yaushe ya haɗiye su?
Ta danne dariya. Ta ce, Baba Efisio,
waɗannan ƙwai ne. Kyaftin ɗinka mace ce.

Ta danna ƙoƙon bayanta da yatsa, ya ɗan lotsa.
Ta ce, ka gani? Alli take nema.
Ɓawon ƙwai ba ya samuwa daga taliya,
in ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta za ta cira.
A bar ayaba. A ba ta ciyawar daji mai ɗaci,
irin wadda kuke nomewa ku zubar,
da ƙashin kifin tawada ta riƙa gwaguya,
da rana, rana sosai, ba ta bayan gilashi ba.
Tsakuwar ƙanana ce, ruwan ɗumi zai taimaka ta fita.
Sannan a samo mata ƙasa mai zurfi,
don ba za ta saki ƙwai a kan tayil ba.

A motar haya, kwali bisa cinyata,
sai Bonaria ta faɗo mini.
Lokacin tana da cikin ɗanmu na fari,
na kama ta cikin dare tana kankarar farar ƙasar bango,
tana lasa a ɓoye.
Na yi mata faɗa, ta yi kuka,
ta ce ba ita ke so ba, cikin ne.
Shekara hamsin kafin in gane maganar.

Yanzu da asuba ina bakin teku,
ina tsintar fararen ƙasusuwan da igiyar ruwa ta bari.
Bokiti tara na ƙasa na hau da su bene,
gwiwa tana zagina a kowace matakala.
Maƙwabciya ta ce tsohon ya fara ruɗewa.

Jiya da la'asar ta juya baya ta fara tono,
ƙafar hagu, ƙafar dama, ba gaggawa.
Likita ta ce da wuya a sami komai a ƙwan.
Duk da haka na kashe rediyo,
na jawo kujera, na zauna.
Sunan dai ban canza mata ba.