Mai Walda a Ƙarƙashin Fitila

Shekara goma sha tara ina walda a Rumde Aja,
na san haske kamar yadda mahauci ya san ƙashi.
Na san wanda ke cin ido,
ya bar ka kwana da hawaye kamar an watsa maka yashi.
Ban san akwai wanda ake kwanta masa a warke ba.

Abin ya fara da tsiro guda, bai kai ƙwayar gero ba,
a wurin da ko madubi ba a nuna wa.
Na ce tusar jaki ce, za ta gaji ta tafi.
Ba ta tafi ba. Dangi ta kira.
Kafin Binuwai ta janye ruwanta daga bakin gada
sun kafa unguwa.

Na je wurin Bawuro mai saiwoyi,
na ce wani abokina ne ba lafiya.
Ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, abokin nan naka, tsawonku ɗaya?
Ya ƙulla mini toka da kanwa a leda.
Kwana uku ina tafiya kamar ɗan kaciya.

Dudu ce ta gane.
Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na samu sauƙi.
Ta ajiye mini tuwo, ta zauna nesa da tabarma,
ta ce, wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi.
Gobe asibiti. Kuma ƙafata ƙafarka,
don abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Likita Jonwe bai ɗaga gira ba.
Ya ce, abin da kake gani ganye ne,
saiwar ƙwayar cuta ce, tana kwance cikin fata.
Ya shafa mini wani mai, ya rufe da bandeji,
ya ce in jira awa uku maganin ya jiƙa,
kada rana ta leƙa.
Na zauna a benci ina ƙirga tayil,
ina roƙon kada wani ɗan unguwarmu ya shigo.

Sannan ɗaki, sannan gado, sannan fitila ja.
Ya miƙo mini baƙin tabarau.
Dariya ta kusa ƙwace mini:
ni da nake hana yara kallon wuta,
yau ni ne ƙarfen.

Ya yi zafi. Ba zan yi ƙarya ba.
Kamar tartsatsi ya faɗa cikin takalmi
kuma an hana ka cirewa.
Na damƙe ƙarfen gadon,
yatsana ya ji wata walda mai ƙuraje, aikin ganin ido,
na ce a raina, wane ne ya yi wannan ta'asa?
Da wannan fushin na cinye minti ashirin.

Zuwa na biyu aka ɗauke wuta,
muka jira janareta, ni da kunyata.
Zuwa na uku suka bushe,
suka zube kamar dattin walda in an ƙwanƙwasa guduma,
fata ta fito sabuwa a ƙasa.

Na ce shi ke nan? Ya ce, a'a, malam.
Fitila ta yi nata, saura jiki ya kori baƙon,
shi kuma ba a sa masa rana.
Ka dawo bayan wata uku, ka sake dawowa.
An duba bakin mahaifar Dudu, an ba ta tata ranar,
ta ninke takardar cikin lalitarta.

Har yanzu muna jira.
Amma jiya ta matso da kwanonta kusa da nawa.

Ranar Asabar zan ɗauki injina a kan babur,
in je in gyara musu gadon nan.
Ba zan karɓi ko dala ba.