Shadda

Jikata Falmata ta aiko murya daga Italiya,
daƙiƙa sha ɗaya, da harshen da ba na ji.
Ubanta na bayanta yana tari,
tarin da ya bar Zinder da shi shekara tara ke nan.

Na kai talho wurin Barma mai walda a Sabon Gari,
shi da ya tsinki tumatir a can har bayansa ya ƙi.
Ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya saurara sau uku.
Ya ce: Malam, kalmar ƙarshe ce matsalar.

Da guntun alli ya rubuta a jikin ƙofar da bai gama ba:
tor-ne-re-mo.
Gaɓa huɗu, murya ta hau ta uku ta sauka.
Ma'ana: za mu dawo.
Ƙarƙashinta ya sake:
tor-ne-rem-mo.
Huɗu dai, sai dai leɓe ya rufe ya ɗan jira.
Ma'ana: da ma mu dawo, in da hali.

Ni za a koya wa wannan?
Shekara ashirin ina yaƙi da jahilci a Birni,
ina tafa wa dattawa hannu:
ba-ba, bab-ba,
ga uban, ga girman,
tsakaninsu numfashi guda da aka riƙe.
Na san shadda tun ina wanke allo.

Amma daidai nan, daidai kan mim,
wata mota ta wuce a titinsu.

Na koma gida ta gindin duwatsu.
Hajiya ta tambaya: me yarinyar ta ce?
Na ce ta gaishe ki.
Mai garuwa ya zo, na sayi biyu maimakon ɗaya,
ban san dalili ba.

Bayan isha na kwanta a tsakar gida,
talho a kunne, yatsa a kan leɓe,
ina auna tsawon shirun bakin yarinya
da ban taɓa goyo ba.
Tor, ne, re.
Har nan muna tare.

Barma ya ce in kira in tambaya, ai ba tsada.
Na sani.
Ɗakin ubanta dai na sa an share,
an fid da buhunan gero,
amma ban sa an shimfiɗa tabarma ba tukuna.